Ɗigo Biyu, Safe da Yamma

Dengfeng, Guangzhou
Farkon Disamba

Zuwa ga Yaya Hindu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Malam Munkaila da yara, da ƙafar nan taki mai tashi idan sanyi ya shigo. Ni ma lafiya lau, sai mura da ta ƙi sakina. Ga shi na rubuto a takarda kamar yadda kika kafa doka, tunda kin ce a waya dariya nake miki in kashe. Alhaji Abdulgafar ne zai kawo miki, jibi zai taso Kano.

Yaya, sanyin garin nan ya ishe ni. Ba ƙanƙara ake yi ba, yayyafi ne siriri da ba ya ɗaukewa, da wani sanyi mai laima da ke bin mutum har cikin bargo. Amma ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Hular kwano ce ta sa ni a gaba.

Kin san aikina. In kwaso samfurin kaya a kasuwannin Liwan in kai wa masu shi, in wuce sito in duba lodi, duk a kan mashin ɗina mai caji. Hula kuwa dole ce, in babu ɗan sanda ya tare ka. To hular tana da gilashi mai saukowa ya rufe fuska. Da na sauke shi na yi numfashi biyu, shi ke nan, sai wata yana ta rufe min gani, irin wadda ke kwanciya a kan koko idan ya huce. Fitilun motoci su zama ƙwallaye, mutane su zama inuwa. In ɗaga gilashin, yayyafi ya cika min ido. In sauke, in makance. Haka nake tafe a titi, ɗaga, sauke, ɗaga, sauke, mutane suna zaton gaisuwa nake rabawa. Ga takunkumin da nake sawa saboda murar, shi kuma duk numfashin sama yake turawa.

Na goge da safar hannu, ta zazzane min gilashin. Maƙwabcina Sherif, ɗan Kumasi, ya ce in yanka ɗanyen dankali in shafa. Na shafa. Na yini ina shaƙar warin dankali, yana kuwa tana nan daram. Na je wajen lawban mai sayar da huluna, wato maigidan shagon, na yi bayani da baki, na yi da hannu, har huci na yi masa a kan gilashin don ya gani. Ya kalle ni ya ce “meyo”, babu ke nan, ya ci gaba da cin taliyarsa.

Don Allah ki tambayar min Malam Munkaila. Ya yi shekaru yana hawa mashin a Mambila lokacin yana malamin gona, inda gajimare ke saukowa har kan hanya. Me suke shafawa? In abin da ake samu a Kano ne, ki ba duk wanda zai taho ya kawo min.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Rabe


Gwammaja, Kano
Tsakiyar Disamba

Rabe,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, Malam yana gaishe ka, Saffana ta gama jarrabawa. Ka ga na gama gaisuwar, don ba ita ce a gabana ba.

Ina tsintar shinkafa aka kawo takardarka. Ina zuwa inda ka ce yana ta rufe maka gani, na ture farantin gefe. Yana, Rabe? Ɗan gidanmu ne zai rubuta kalmar nan haka kawai, tsakanin labarin mura da labarin dankali?

Na ga ka cika takarda da zancen hula. Baba ma da gilashin fitila ya fara. Kana ƙarami, ba za ka tuna ba. Kullum sai ya ce ban goge shi da kyau ba. In goge da toka, in bi da tsumma, in kawo masa yana sheƙi, ya ce har yanzu da hayaƙi a jiki. Daga fitila ya koma kan Alƙur’aninsa, wai masu bugawa sun fara rowar tawada. Bai yarda ba sai ranar da ya miƙa wa ginshiƙin masallaci hannu zai gaisa, a gaban jama’a. Lokacin yanar ta cinye idon. Aka kai shi wajen mai aikin gargajiya, shi kuma ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Fitilu sun zama ƙwallaye, mutane sun zama inuwa. Ka san bakin wa na fara jin wannan magana?

Ni na ja wa Baba sanda har ya koma ga Allah, daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa gida, ina budurwa, ƙawayena suna makaranta. Ban yi nadama ba. Amma ina gaya maka tun yanzu, ina son ka kamar ni na haife ka, kuma ba zan ja maka sanda ba. Ba zan iya sau biyu ba.

Ban tambayi Malam komai ba, ba ni da lokacin shirme. Na je wajen wata baiwar Allah a Kurna da aka ce ta san ciwon ido, ta haɗa min zuma farar saƙa da sauran abubuwanta, na ƙara da ɗan ruwan zamzam ɗin da nake ta ɓoyo tun dawowar Inna. Hajiya Humu, ’yar Ganar nan mai kawo kaya Kantin Kwari, ta zo sallama za ta tashi, na cusa mata kwalbar. Takarda kuwa ban gama ba, sai in Alhaji Abdulgafar zai koma. Na manna yadda ake sawa a jikin kwalbar.

Maganin na riƙon ƙwarya ne. Ka je asibiti a duba maka idon. An ce likitocin can sun iya aiki, kuma yanzu in an kama ta da wuri cire ta ake yi. Kada ka yi min kunnen uwar shegu irin yadda ka saba.

Yayarka,
Hindu


Dengfeng, Guangzhou
Ƙarshen Disamba

Yaya Hindu,

Sallama da fatan alheri. Ina fata kowa lafiya. Ni da sauƙi zan ce, gwiwar hannuna ce take ɗaure, kuma yanzu za ki ji dalili.

Hajiya Humu ta kawo min kwalba, babu takarda, sai rubutunki a jiki: “Na yana. Ɗigo biyu, safe da yamma.” Na ce Allah ya saka wa Malam Munkaila, ai na san mutanen Mambila ba za su rasa dabara ba. Na wanke gilashin tas, na ɗiga biyu daga ciki, na bi da yatsa. Na ji ƙamshin zuma, na ce ba ruwana, masu abu sun fi ni sani. Da yamma na ƙara biyu. Ban taɓa bin umarninki sau da ƙafa irin na wannan karon ba.

Ranar farko kowace fitila ta fito da gashi. Na ce ƙila sai ya bi jiki. Kafin a kwana biyu duk wani ƙaiƙayi da ke yawo a Guangzhou ya zo ya manne. Rannan da safe na fito zan ɗauki hular a inda nake rataye ta, sai na tarar da Sherif tsaye yana kallonta, hannu a ƙugu. Ya ce, “Massa Rabe, helmet naka ya buɗe chop bar. Customers ya cika.” Wai hulata ta zama gidan sayar da abinci. Tururuwa ce, Yaya, layi guda daga taga har cikin hula.

Na kakkaɓe, na hura, na ga kamar sun ƙare, ina sauri don ana jirana. Ashe wasu sun shige cikin soson. Ina shiga lungun masu takalma a Liwan, ɗaya ta samu kunnena. Ga yana, ga danƙo, ga cizo. Ban ga wani amalanken kaya da ke gabana ba sai da na ji ni a cikin kwalaye. Takalman yara suka watse a cikin ruwa, wandona ya yage, wata tsohuwa mai shago ta fito ta wanke ni tas da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane duka. Ki tambayar min Malam, a Mambila babu tururuwa ne?

Na ajiye biro a nan jiya, ina jiran wanda zai tafi. Yau da hantsi Alhaji Abdulgafar ya iso da takardarki. Na karanta a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna.

Maganin ido ne? Yaya! Maganin ido kika aiko min na yi ta ɗiga wa roba? Don girman Allah ki ɗauko takardata ki sake karantawa. Hula na ce. Gilashi na ce. Yanar tururi nake nufi, ta numfashina, wadda ko madubin banɗaki yana yi. Wace kalma kike so in sa? Da na san haka za a yi da na ce gumi, sai dai na san da kin aiko min da maganin zazzaɓi.

Abin da kika faɗa game da Baba ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Ban san labarin fitilar ba. Amma ni ba Baba ba ne. Ina hango lambar kwantena tun daga ƙofar sito. Matsalata ɗaya ce, tururi, kuma ya fi taruwa ta gefen hagu, ina jin ta nan takunkumin ya fi sakin iska. Ba inda za ni. Asibitin nan sai ka yini a layi da ɗan tafinta a waya, a ƙarshe a ce maka ka sayi sabuwar hula.

Har yanzu ina jiran amsar Malam. Ita na tambaya tun farko.

Ƙaninki da ya sha cizo,
Rabe


Gwammaja, Kano
Janairu

Rabe,

Mun samu takardarka, sannu da hannu, Allah ya kiyaye gaba. Mu lafiya muke, ban da raina da ka ɓata.

Zamzam, Rabe. Zamzam ɗin da ko Saffana tana zazzaɓi sai na auna da murfi nake ba ta. Shi ka ɗiga wa hula, safe da yamma, ka ciyar da tururuwar Sin. Na karanta wa Malam, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na buga masa baya, kuma ba da tausayi na buga ba. Mutum da hankalinsa ya ji ƙamshin zuma, bai tsaya ya ce anya ba?

Tunda ka nace, ga amsar Malam ɗin, don kada ka ce na danne maka. Ya ce ka wanke gilashin da ruwan ɗumi. Ka sami sabulun ruwa na wanke-wanke, ɗan kaɗan a kan yatsa, ka shafe cikin, ka bari ya bushe, sannan ka goge a hankali da tsumma mai laushi har ya yi haske. Kada ka ƙara taɓa shi da safar hannu. In kana tafiya ka bar ’yar ƙofa a ƙasa, kamar kaurin yatsa, iska ta riƙa shiga. Ka matse takunkumin a kan karan hanci, ka riƙa sakin numfashi ƙasa. Kuma ka daina kwanar da hular a bakin taga, ka shigar da ita ɗaki. Ya ce in ka yi duk wannan abin bai washe ba, to ba hular ba ce. Wannan ta ƙarshen ma shi ya faɗa, ba ni na ƙara ba.

Yanzu saura tawa. Ka ce ya fi taruwa ta hagu. Hula ta san hagu da dama ne? Hancinka ƙofa biyu gare shi ko ɗaya? Ka ce kana hango lambar kwantena. Da ido biyu a buɗe kake hangowa, mai lafiya yana rufa wa ɗan’uwansa asiri. Baba da ido ɗaya ya yi ta sa mana zare a allura yana mana gori.

Na sauko daga maganar asibiti, tunda kai layi ya fi ƙarfinka. Abu ɗaya nake roƙo. Ka tsaya a ɗakinka, babu hula, ka sa tafin hannu ka rufe idon dama, ka kalli kalandar bango. Shi ke nan. In ka karanta, ka rubuto ka ce Yaya kin cika fitina, ni kuma in karɓa in ba ka haƙuri a gaban kowa.

Ban yi barcin kirki ba tun takardarka ta farko.

Hindu


Dengfeng, Guangzhou
Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Hannu ya warke, mura ta tafi. Ki yi haƙuri da jinkiri, sabuwar shekararsu ce ta tsayar da komai, kasuwanni a rufe, babu mai zuwa babu mai tafiya.

Ki yi wa Malam godiya. Sabulun yana aiki, yana kai ni rabin hanya kafin yanar ta dawo, kuma ’yar ƙofar nan ta taimaka, sai dai haɓata ta daskare. Yanzu kuma wani sabon yanayi ya shigo, bangon ɗaki ma zufa yake, ƙasa santsi, kaya ba sa bushewa. In bango na siminti ya yi raɓa, me kike so gilashin hula ya yi? Lawban ya ce akwai wata ’yar leda mai kauri da ake mannawa daga ciki, ta hana tururi zama gaba ɗaya. Ya ce zai kawo in an dawo hutu. Ita nake jira, don baje kolin Pazhou na tafe, baƙi za su cika min hannu, kuma a kan mashin ɗin nan zan yi ta zirga-zirga.

Amma Yaya, wa kika bari ba ki gaya wa ba? Goggo ta aiko min da addu’a mai tsawo, har da kuka. Ibrahim Khalil ɗan Kawu, wanda rabona da muryarsa tun bikin Maijidda, ya kira ni yana jajantawa, daga nan ya zarce da tambayar wa zan bar wa kwastomomina in na dawo gida. Ina zaune lafiya kin sa an fara rabon gadona.

Kalanda kuma ban kalla ba, kuma ba zan kalla ba. Ba yaro ba ne ni da za a ce rufe ido buɗe ido. In na yi wannan, gobe ki ce in tsaya da ƙafa ɗaya. Ki bari ledar ta zo, zan rubuto miki, ki tanadi haƙurin da kika yi alkawari.

Rabe


Gwammaja, Kano
Ƙarshen Fabrairu

Rabe,

Lafiya muke. Allah ya nuna mana azumi lafiya. Ibrahim Khalil na gamu da shi, ba zai ƙara kiranka ba.

Ka rufe idon dama.

Hindu


Dengfeng, Guangzhou
Maris

Yaya Hindu,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya shan ruwa? Allah ya karɓa mana. Ki gaida Malam da yara.

Ledar ta zo. Lawban da kansa ya manna min, ya matse gefunan, ya hura mata iska da bakinsa ya nuna min, ko ɗigon tururi babu. Na yi masa godiya da duk yaren da na iya.

Washegari da safe ana yayyafi na fita. Da gangan na sa takunkumi, na sauke gilashin har ƙasa ban bar ƙofa ba, na riƙa huci kamar rago don in ga iyakarta. Yaya, tas. Rabon da in ga titi haka tun kafin sanyi. Ina tafe ina tsara takardar da zan rubuto miki, har na zaɓi kalmomin da za su fi yi miki zafi.

Sai da na hau gada na lura gefen hagu bai washe ba. Na ce ruwa ne daga waje. Na tsaya na share, yana nan. Na ɗaga gilashin na shafa cikinsa da yatsa, a bushe yake ƙamas. Na cire hular gaba ɗaya na riƙe ta a hannu, ruwa yana sauka a kaina, masu mashin suna ta min oda. Abin bai tafi ba.

A nan kan gadar na sa hannu na rufe idon dama. Kogin da benayen da mutanen da ke wucewa duk suka shige cikin fari. Motar bas ta wuce ta gabana, ƙararta na ji, sai wani jan abu da ya gifta.

Ban iya hawa mashin ɗin ba. Turo shi na yi har gida.

Sherif zai raka ni asibitin ido ranar Litinin, shi yana jin yarensu. Na tuna kin ce in an kama ta da wuri cire ta ake yi, kuma tun jiya nake maimaita wannan magana. Ban san ko da wurin ne ba. Wata uku na yi ina faɗa da hula.

Kada ki rubuto ki ce ai kin faɗa min, na riga na faɗa wa kaina a madadinki, kuma na fi ki iya zafin baki. Tsoro nake ji, Yaya. Ban gaya wa kowa ba sai ke. Likita zai tambaye ni tarihin gida, ni kuwa ban san komai ba, ke kika gani. Wannan karon kada ki jira mai tahowa, ki kira ni a waya, ba zan yi dariya ba kuma ba zan kashe ba. Ki gaya min ta wane ido ta Baba ta fara, da tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta kama ɗayan.

Ƙaninki,
Rabe